Ruwan Farko

Bayan gidanmu akwai lambu, ba wani babba ba. In ka tsaya a ƙofar baya kana ganin iyakarsa: tumatir a dama, tattasai da kabeji a hagu, sai 'yar albasa can gindin katanga. Rijiyar tana tsakiya. Ba irin mai faɗin bakin nan da ake zura wa guga ba ce. Bututu ne siriri, kaurinsa bai wuce damtsena ba, aka kafa shi can cikin ƙasa, aka haɗa shi da ƙaramin inji mai shan fetur. In ka ja igiyar injin, sai ruwa ya biyo tiyo ya fito da sanyinsa. Babanmu ne ya sa aka haƙa ta shekara biyu kafin ya rasu. Da ita muke ban ruwa, ita muke sha, gida huɗu na maƙwabta ma nan suke ɗiba.

Tun Baba na da rai, in ya tayar da inji da safe yakan bari yashi ya ɗan wuce, sannan ya cika bokiti biyu ya kai randar Inna kafin shuka ta ga ko ɗigo. Bai taɓa ce mini in yi haka ba. Da ya tafi, sai na tarar da kaina ina yi. Ruwan farko na Inna ne, sai na ba lambu, can wajen hantsi maƙwabta su shigo da jarkokinsu. Randar a ɗakinta take, bayan ƙofa, ita kaɗai ke sha a ciki. Ni a bakin tiyo nake kafa kai in ƙishi ya kama ni.

"Auta, ka kawo?" haka take cewa kullum daga kan tabarma, alhali tana jin ƙarar zubawar.

"Na kawo, Inna."

"To madalla. Allah ya yi albarka."

Feshin maganin ƙwari ni nake yi, da yamma in rana ta yi sanyi, sau biyu a mako lokacin da tsutsa ta matsa wa tumatir. Ina da wani shuɗin duro a ƙarshen lambu, a ciki nake haɗawa. In auna magani da murfin kwalbarsa in zuba, sannan in cika da ruwa. Sai dai maganin nan in ka sako masa ruwa daga sama, kumfa yake yi kamar an kaɗa sabulu, ta cika duron ka rasa inda ruwan ya tsaya. Wani tsohon mai feshi da na yi wa aiki kaka biyu ne ya nuna mini dabarar: ka tura bakin tiyo har ƙasan duro, ka danne shi da bulo, ruwa ya riƙa tasowa daga ƙasa a hankali. Babu kumfa, babu fantsama a jiki. Ina jin daɗin wannan dabarar, har na koya wa mutum biyu.

Abu ɗaya ne ya riƙa ɗaure mini kai a bana. In duro ya cika, sai in taka zuwa wajen inji in kashe, in naɗe igiya, in rufe shi da buhu, sannan in dawo in zare tiyo. To, duk sanda na dawo sai in tarar ruwan ya sauka kamar yatsa huɗu. Na ce yoyo ne. Na kifa duron na duba, ban ga komai ba. Na ɗora shi a keke na kai wa mai liƙin roba, ya cika shi da ruwa ya zagaya shi sau biyu.

"Malam, duron nan ya fi ni lafiya," in ji shi. "Sai dai ko aljanu ke sha."

Muka yi dariya. Daga nan na rabu da zancen. In ya sauka, in ƙara masa rabin bokiti in ci gaba da aikina.

Ciwon Inna bai zo da ƙarfi ba. Ciwon kai ne da farko, sai zufa ko da gari na sanyi. Sai ta fara cewa idonta na yin hazo, ba ta iya zura zare a allura. Wani lokaci tana zaune sai yawu ya taru mata, ta riƙa tofarwa a gwangwani tana jin kunya. Kwana biyu ta ji sauƙi, kwana biyu ya dawo. Muka ce tsufa ne. Mai kantin magani ya ce hawan jini ne, ya ba da ƙwayoyi.

Ranar wata Asabar Yaya ta zo duba ta. Yaya ita ce babbarmu, tana aure a cikin gari, tana ɗinki. Tun daga ƙofa ake jin ta.

"Ina Auta? Har yanzu yana tafe ne tun jiya? Kai dai ko gobara ta tashi sai ka tsaya neman takalmi."

"Sannu da zuwa, Yaya."

"Sannu ta me? Dubi yadda ka bar tsohuwa ta koma. Inna, ki tattara ki zo wajena, na gaji da faɗa. Ga ɗaki nan babu kowa sai keken ɗinki."

"In je in zauna da keken ɗinki?" in ji Inna. "Ina ce ke ma ƙararsa ce ta sa kike magana da ƙarfi haka."

Yaya ta buɗe randa ta ɗebi ruwa a kofi. Ta kai baki, sai ta tsaya. Ta shinshina, ta dube ni.

"Auta, ruwan nan warinka yake."

"Warina kuma?"

"Warin maganin nan naka. Da hannun feshi kake ɗebo mata ruwa?"

Na karɓa na shinshina, ban ji komai ba. Hancina ya riga ya saba, ko kwalbar na buɗe da ƙyar nake ji. Inna kuwa tun wata doguwar mura da ta yi shekarun baya hancinta ya daina aiki.

"Ke dai ba kya rasa abin faɗa," in ji Inna. Ta karɓi kofin ta shanye.

Maganar ta zauna mini. Daga ranar na ware rigar feshi daban, na rataye ta can gindin katanga. Na sayi sabbin bokiti biyu na Inna kaɗai. Kafin in taɓa su sai na wanke hannu da sabulu har gwiwar hannu, sau biyu. Na ce to, in daga ni ne, na toshe.

Bayan kwana goma sai ga Inna ta kasa tashi da safe. Na shigo da bokiti na same ta jingine da bango, zufa ta jiƙa mata kallabi, naman hannunta na ta motsi shi kaɗai kamar akwai wani abu a ƙarƙashin fata. Ta yi amai sau biyu. Na samo mota muka tafi asibitin unguwa.

Nas ɗin da ta karɓe mu babbar mace ce, mai magana a hankali. Ta kama hannun Inna ta daɗe tana ƙirga bugun jini. Ta haska mata ƙaramar tocila a ido, ta kashe, ta sake haskawa. Sannan ta kira ni.

"Zo ka gani. Ka ga baƙin idon nan na tsakiya? Ya tsuke kamar kan allura. Me kake sana'a?"

"Lambu nake."

"Kana feshi?"

"Ina yi."

"Mama tana shiga lambun?"

"Rabonta da shiga ya fi shekara. Ƙafa ta hana ta."

"To ta wata hanya yana isa gare ta. Alamun nan duk na maganin ƙwari ne. Ba da yawa lokaci ɗaya ba, da ba haka za ka kawo ta ba. Kaɗan-kaɗan ne, yau da gobe. Ka je ka kawo mini kwalbar in gani. Kuma ka duba abin da take ci, da abin da take sha, da inda kake ajiye kayanka."

Aka yi wa Inna allura, aka ɗaura mata ruwa, ta kwana uku. A rana ta biyu ta zauna da kanta, a ta uku har ta fara yi wa masu shara gyara. Ni kuwa na dawo gida na juye ko'ina. Na kwashe kwalabe na kai rumfar ƙarshen lambu na sa kwaɗo. Na daina kawo ko ganyen kabeji cikin gida sai ya yi mako biyu da feshi. Na wanke randa na sake cika ta. Ruwan kansa ban zarge shi ba. Ina zan zarge shi? Daga can ƙasa yake fitowa, garau, ka ga ƙasan bokiti. Kuma ga maƙwabta na sha, ga ni ina sha.

Mako guda ban yi feshi ba saboda zirga-zirgar asibiti, Inna ta dawo gida ta murmure. Ranar Litinin na ga tsutsa ta fara huda tumatir, na yi feshi da yamma. Ranar Laraba ciwon kai ya dawo mata, da gwangwanin tofar da yawu.

A wannan makon ne injin ya ƙara yi mini gardama. Dama ya daɗe in zan tayar da shi da safe sai na ɗura masa ruwa ta sama kafin ya kama ja, amma yanzu sai na ɗura sau uku. Na kira bakaniken da ke duba mana shi, wani dogo mai yawan barkwanci, kullum da sifana a aljihun baya. Ya ja igiya, ya saurara, ya kashe, ya kanga kunne a jikin bututu.

"Ka ji? Zo ka ji."

Na kanga kunne. Can ciki wani sauti yake kamar mutum na kurɓar shayi mai zafi.

"Ruwanka ne ke komawa gida," in ji shi. "Akwai wata 'yar roba can ƙasan bututun, kamar murfi. Ruwa in zai hau sai ta buɗe, in zai sauka sai ta rufe. Taka ta cinye. Tun yaushe kake ɗura masa ruwa da safe?"

"Tun farkon rani."

"To tun farkon rani ta mutu, kai ne ba ka yi mata jana'iza ba. Duk sanda ka kashe inji, ruwan da ke cikin tiyo sai ya koma rijiya. Kuma ba shi kaɗai yake tafiya ba. Duk abin da bakin tiyon ke ciki, sai ya ja shi su tafi tare. Tsaya ka gani."

Ya tayar da inji, ya cika bokiti, ya bar bakin tiyo a ciki, ya kashe. Muka tsaya muna kallo. Ruwan bokitin ya fara sauka a hankali, ba ƙara, ba motsi. Yatsa ɗaya, biyu, huɗu. Kafin ya gama goge hannu da tsumma, bokitin ya koma rabi.

"Ka gani? Rijiyarka mai rowa ce, in ta ba ka sai ta karɓe." Ya yi dariya. Sai ya dube ni. "Lafiya? Ba wani babban gyara ba ne fa. Jibi zan kawo sabuwa."

Idona na kan shuɗin duron can ƙarshen lambu, da bulon da nake danne tiyo da shi.

Bayan ya tafi na zauna a kan bulon. Ban san iya lokacin da na ɗauka ba. Na riƙa bin abin daki-daki, kamar mai bin sawun akuya. Haɗa magani shi ne aikina na ƙarshe da injin a ranar feshi. Yatsa huɗun nan na duro suna gangarawa cikin bututu, su kwana a can, babu mai taɓa su. Da safe in ja igiya, in bari yashi ya ɗan wuce, in tara sabon bokitin Inna da hannuna da na wanke sau biyu. Kafin maƙwabta su zo, lambu ya sha na awa biyu, maganin ya riga ya wanke. Kafin ni in kafa kai a tiyo, rana ta take. Mafi munin ruwan, shi nake ɗauka in kai mata har ɗaki, ta sa mini albarka.

Da na tashi, asibiti na nufa. Na samu nas ɗin tana shirin tashi, na faɗa mata komai a tsaye a baranda. Ba ta yi mini faɗa ba. Da ta yi, wataƙila da na fi jin sauƙi.

"Kada kowa ya ƙara sha," ta ce. "Ba Mama kaɗai ba, har maƙwabtan. Akwai masu ciki ko masu goyo a cikinsu?"

"Akwai mai goyo ɗaya."

"Ka ce ta kawo mini yaron in duba, ko da lafiyarsa ƙalau. Zan rubuta maka takarda ka kai wajen masu gwajin ruwa. Sai sun ce ya yi, sannan."

"In an tafasa fa?"

"Tafasawa ƙwayar cuta take kashewa. Wannan ba rai gare shi ba, balle ya mutu. Tacewa da ƙyalle ma ba ta cire shi. Randar ƙasa ce take sha a ciki? Ita ma a ajiye ta, ƙasa na tsotsa."

Washegari da sassafe na ɗauki jarka biyu na tafi famfon bakin titi, na bi layi, na kawo. Na shiga ɗakin Inna na ajiye.

"Wannan fa?"

"Ruwan famfo ne. Nas ta ce a ɗan dakata da na rijiya."

"Saboda me?"

"Ta ce... a dai dakata, sai an gwada."

Iyakar abin da bakina ya iya fitarwa ke nan. Na shirya maganar tun a layin famfo, amma da na ga fuskarta sai ta maƙale.

Inna ta dubi jarkokin, ta dube ni. "Yayarka ce ta kitsa wannan, ko? An ce rijiya ba ta da kyau, gobe a ce gidan ma ba shi da kyau, jibi a sa ni a mota. Shekara tara ina shan ruwan nan. Ubanku ya sha shi har ya koma ga Allah, ba shi ya kashe shi ba."

"Ba Yaya ba ce, Inna."

"To bar mini randata. In ta ƙare ka cika mini, in ba za ka cika ba in aiki 'yar maƙwabta. In tsoro kuke ji, na tafasa."

Na ce zan ɗauke randar in wanke, ta ce jiya-jiya na wanke ta. Na fita na tsaya a tsakar gida. Ina jin ƙarar murfin randa, da ƙarar kofi.

Maƙwabta da suka zo da hantsi na ce musu inji ya lalace. Ba ƙarya ba ce, amma ba ita ce gaskiyar ba. Da rana na kira Yaya a waya na ce ta zo, ban faɗa mata dalili ba. Na biya kanti na sayo ƙullin bula, irin wadda ake sa wa fararen kaya. Bakanike sai gobe zai kawo sabuwar robar, saboda haka yau ce kaɗai rijiyar za ta iya faɗa da bakinta.

Da la'asar na ɗauki kujera na kai bakin rijiya. Na koma na ce, "Inna, ina so ki zo ki ga wani abu a lambu."

"Da wace ƙafar?"

"Da tawa."

Na riƙe ta a gefe ɗaya, Yaya a ɗaya, muka taka a hankali. Ta zauna tana kallon tumatir, ta ce sun yi kyau amma na cika musu ruwa. Yaya ta tsaya da hannu a ƙugu.

"To ga mu. Wasan me za ka nuna mana, da ka taso ni daga kan ɗinkin mutane?"

Na tayar da inji. Na kawo farin bokiti mai tsabta na cika shi, na kwance bula na zuba, ruwan ya koma shuɗi kamar rini. Na tura bakin tiyo har ƙasa na danne da bulo.

"Haka nake yi da duron magani," na ce. "Kullum in zan yi feshi."

Na je na kashe inji. Na naɗe igiya, na rufe shi da buhu, yadda na saba, ban ƙara sauri ba ban rage ba. Na dawo. Ruwan bokitin ya sauka.

"Ina ya tafi?" in ji Yaya.

Na zare tiyo, na ɗura wa inji ruwa, na ja igiya. Na ɗauko ɗaya daga sabbin bokitan Inna. Na bari na farko ya ɗan zuba a ƙasa kamar yadda nake bari yashi ya wuce, sannan na tara. Ruwan da ya taru ba shuɗi sosai ba ne. Wani shuɗi-shuɗi ne mai haske, kamar sararin sama da safe. Na ɗauka na ajiye a gaban Inna, na kashe inji. Lambun ya yi tsit.

"Ba rijiyar Baba ba ce ke da laifi," na ce. "Ni ne. Tun farkon rani, duk washegarin feshi, abin da nake kai miki ke nan. Sai dai shi ba ya nuna launi."

Yaya ce ta fara magana, kuma ba da ƙarfi ba, abin da ya fi ba ni tsoro ke nan.

"Wata huɗu. Wata huɗu kana ganin duro na sauka, ba ka tambayi kowa ba?"

"Na tambayi mai liƙi."

"Mai liƙi." Ta juya baya, ta sake juyowa. "Da ta mutu fa, Auta? Da sai mu ce tsufa ne, mu yi ta karɓar gaisuwa, kai kuma ka ci gaba da ba 'ya'yan mutane?"

"Haka ne."

"Kada ka ce mini haka ne. Ka yi musu mana, in samu abin faɗa."

Inna ta sunkuya ta tsoma yatsa a bokitin, ta ɗago tana duba shi. Ta daɗe a haka.

"Ke, ya isa," ta ce wa Yaya. "Wanda ya yi shi ne ya gano, kuma shi ya kawo ni ya nuna mini. Da ya so, da ya bari an gyara gobe ya ja bakinsa, wa zai sani?" Ta goge yatsan a gefen zane. "Auta, ranar da ka je asibiti ka dawo, ka riga ka sani?"

"Na sani."

"Ka kuma bar ni na sha na yau da safe."

Wannan maganar ce ta fi shiga raina. Na durƙusa a gabanta, ban san sanda na yi ba.

"Bakina ne ya yi nauyi, Inna."

"To kada ya ƙara. Nauyin baki a irin wannan ba kunya ba ce." Ta dafa kafaɗata ta miƙe da ƙyar. "Ku fitar da randar. Me ka ce wa maƙwabta?"

"Na ce inji ya lalace."

"Za ka koma ka faɗa musu yadda ka faɗa mini. Gida-gida, yau. Ka fara da mai goyon nan."

"Ni zan raka shi," in ji Yaya. "In aka bar shi, sai yaron ya yi gemu bai gama sallama ba."

Muka je. Gida na biyu maigidan ya saurara har ƙarshe, ya ce Allah ya kiyaye gaba, amma bai dube ni ba. Gida na uku matar ta ce dama yaranta sun yi ta ciwon ciki, ta faɗa mini maganganu, na tsaya na ji. Mai goyo kuwa, wadda muka fara da gidanta, ta ɗauki mayafi ta saɓa yaron sai asibiti. Nas ta duba shi ta ce ba ta ga komai ba, amma a dawo da shi bayan wata guda.

Bakanike ya sa sabuwar roba. Da na ba shi labari, barkwancin ya ɗauke masa. Ya ce shi ma ya san lambu uku da ake cika duro haka, zai bi ya faɗa musu. Ya ƙera mini wani ƙarfe mai lanƙwasa da ke riƙe bakin tiyo sama da duro da taƙi guda, ya ce ko robar ta sake mutuwa, iska kawai za ta zuƙa. Mutum biyun da na koya wa dabarar, na je na same su da kaina.

Masu gwaji sun ɗebi ruwa a kwalba, suka ce in riƙa jan rijiyar kullum ina zubarwa nesa, za su dawo. Sun dawo sau ɗaya, suka ce ya ragu amma da saura. Ban san yaushe za su ce ya yi ba. Su ma ba su sani ba.

Jiya na mayar da Inna asibiti. Nas ta ce ta miƙa hannuwa biyu, ta ɗora mata takarda a bayan kowanne. Ta dama ta tsaya. Ta hagu tana ɗan rawa.

"Ya fi na wancan makon," in ji nas.

"Zai daina gaba ɗaya?" na tambaya.

"Ga wasu yana dainawa. Shekarunta ne ban sani ba ko za su bari. Mu dai ci gaba da gani."

A hanyar dawowa Inna ta ce mu sauka a bakin titi, tana so ta taka sauran. Muka yi ta tafiya, tana tsayawa tana hutawa a jikin katangar mutane. A tsayawa ta uku ta ce, "Yayarka ta ce tsutsa ta cinye rabin tumatir."

"Ta ci."

"Don me ba ka yi feshi ba?"

"Hannuna ne ba ya so ya taɓa kwalbar."

Ta mayar da numfashi. Wata mota ta wuce, muka matsa gefe.

"Da me za mu ci, to? Ka yi abinka yadda aka nuna maka, can nesa da rijiya. Ka auna daidai, kada ka ƙara ko murfi ɗaya." Ta miƙo mini hannun hagun, mai rawar. "Riƙe ni nan. Wancan ya gaji."